Tafiya Kallo da Ƙananan Yara

Jawabin kiwon lafiya da aka karanta a rediyo, aka buga shi domin masu zuwa ɗakin shan magani. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Muna gaishe ku duka, musamman mutanen ƙasar Bagudo, na Kaoje da Illo da Zagga da Lolo da Tsamiya, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da ke jin mu a ƙasar Benin.

Maganarmu ta yau a kan tafiya ce. Ba tafiyar fatauci ba, ba kuma ta neman magani ba, tafiyar kallo da shaƙatawa. In an gama girbi, shinkafa ta shigo gida, kuɗi ya ɗan zauna a hannu, maigida ya kan ce bari bana ya fita da iyali su ga duniya. Wani ya nufi Argungu wajen bikin kamun kifi. Wani ya jira Salla ya kai su Birnin Kebbi ko Sakkwato, su ga hawan dawaki, su shiga filin wasan yara inda a ke hawan lilo. Wani kuwa ya ƙetare iyaka zuwa Malanbil ko Segbana, biki ko suna ko gaishe da dangi, a haɗa da cin kasuwa.

Duk wannan abu ne mai kyau, ba mu zo mu hana kowa ba. Zumunta a ƙafa ta ke. Amma a cikin ayarin nan akwai wani matafiyi da ba a yi shawara da shi ba, watau yaro ɗan shekara 1 zuwa 3, wanda ƙafarsa ta riga bakinsa buɗewa. Ya iya gudu, bai iya faɗin sunan ubansa ba. Shi ne ƙarami a ayari, shi ne kuma wanda tafiya ta fi ci.

A gida abu huɗu ke tsaron yaron nan ba tare da kun lura ba: ruwan da kuka san inda aka ɗebo shi, inuwa, barci a kan lokaci, da idon da ke kansa. Ran da kuka fita ƙofar gida, huɗun nan a gida za su tsaya, sai fa in kun ɗauke su da gangan kun tafi da su. Yadda za a yi haka shi ne abin da za mu bayyana.

KAFIN A ƊAURA KAYA

Shirin tafiya da yaro ba a wurin tela ya ke farawa ba, a ɗakin shan magani ya ke farawa. Wata guda kafin ranar tashi, ke uwargida ki ɗauko katin rigakafin yaron ki kai wa malamin asibiti ya duba. Dalili kuwa shi ne allura ba ta kama jiki nan take. Ta baƙon dauro ta kan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ta yi ƙarfi. Yaron da aka yi wa jiya, aka shiga taro da shi yau, bai gama samun kariya ba.

Allurar baƙon dauro sau biyu a ke yin ta, a wata 9 da wata 15. Iyaye da yawa su kan kawo yaro ta farko, su manta da ta biyu. A wata 9 ɗin nan kuma a ke yin ta shawara da ta sanƙarau. Har wa yau, a Disamba 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma da Jihar Kebbi da ta Bayelsa aka fara. Ita sau huɗu ce, a wata 5 da 6 da 7 da 15. Ba ta ɗauke muku rataya gidan sauro ba, ƙari ce a kansa.

Me ya sa mu ke nanata allura kafin taro? Domin baƙon dauro ta iska ya ke bi. Mai shi ya kan yi tari a ɗaki ko a mota ya fita, cutar ta zauna cikin iskar wurin har awa 2 a bayansa. Sanƙarau kuwa lokacinta shi ne na ƙura da zafi, daga hunturu har zuwa faɗuwar damina, kuma ta fi son ɗakin da mutane suka kwana a cunkushe. Dattawa ba su manta da ta 1996 ba. A 2017 ta shiga Zamfara da Sakkwato da Kebbi, a 2025 kuma ta sake ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega. Bikin Argungu a Fabrairu ko Maris a ke yin sa, watau a tsakiyar lokacinta.

Akwai yara iri uku da ya fi kyau a bar su a gida. Na farko, mai zazzaɓi ko tari ko zawo a makon tafiya. Na biyu, wanda ya tashi daga ciwo bai mai da jikinsa ba, ko wanda a ke ba abincin tamowa. Na uku, wanda aka yaye kwanan nan. Kada ku haɗa yaye da tafiya, kowanne shi kaɗai ya ishi yaro. Barin yaro wurin kakarsa kwana biyu ba rashin ƙauna ba ne. Ɗan shekara 2 ba zai tuna girman kifin da aka kama ba, amma jikinsa zai daɗe bai manta da zawon da ya ɗebo ba.

In kuwa da shi za a tafi, ga kayansa, a jaka guda, kada a haɗa da na kowa: katin rigakafi, jarkar ruwa mai murfi, kofinsa da cokalinsa, sabulu, hula mai baki, riga mai kauri domin sanyin asuba, fo, gidan sauro, ƙunshi 3 na garin gishiri da sukari na asibiti, ƙwayar zinc, da farasitamol na yara wanda malamin asibiti ya nuna muku yawan da za a ba shi. Kai kuma maigida, ka ware kuɗin asibiti a aljihu dabam. Ba na tsire ba ne, ba na tsaraba ba ne.

A KAN HANYA

Daga Bagudo zuwa Argungu ta Birnin Kebbi tafiya ce ta awoyi. Ku tambayi labarin hanya tun jajibiri, ku tashi bayan sallar asuba, ku isa masauki kafin rana ta faɗi. Kada dare ya same ku a daji da ƙaramin yaro.

A mota, wurin yaro kujerar baya ce, babba na riƙe da shi, nesa da ƙofa da taga. Kada a zaunar da shi a gaba a cinyar ubansa, domin in direba ya taka burki da ƙarfi, yaron ne zai fara dukan gilashi. Kada a hau saman kaya da shi. In an tsaya salla ko cin abinci, a fito da shi ko da yana barci. Motar da aka rufe a rana tanda ce, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

A babur, ke mai goyo ki tattara bakin zanenki da majanyi kada ƙafar babur ta ja su, ki kuma duba inda ƙafar yaro ta ke, domin salansa tana ƙuna har nama. Kada a ɗora yaro a kan tankin mai a ce ya riƙe kan babur. Iska na kaɗa shi barci zai ɗauke shi, hannu ya saki.

Sai jirgin ruwa. Mutanen bakin Kwara sun san ruwa, amma iyon uba ba ya hana ɗa nutsewa. A Mayu 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya kife a Kwara kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske, har da mata da yara. Saboda haka ku duba jirgi kafin ku shiga. In kun ga ruwa ya kusa bakinsa saboda nauyin buhuna da babura, ku haƙura ku jira na baya. Kada ku shiga da dare, hukumar hanyoyin ruwa ma ta hana. In akwai rigar ruwa ku sa. Ki sauke yaro daga baya ki riƙe shi a cinya, a tsakiyar jirgi, kada ya leƙa yana wasa da ruwa.

ABU NA FARKO: RUWA DA ABINCI

Wurin da dubban mutane suka taru kwana biyu ko uku, bayan gida ba ya isarsu. Wasu su kan zaga bayan rumfa, wasu bakin gulbi. Ƙuda ya sauka a can, ya tashi ya sauka a kan yankan kankana. Mai ɗiban ruwa ya tsoma guga. Ta haka ƙazantar mutum ɗaya ta ke shiga cikin mutum ɗari. Babba ya kan yi ciwon ciki na yini ɗaya ya warke. Yaro kuwa ruwan jikinsa kaɗan ne, zawon yini ɗaya ya isa ya kwantar da shi. A 2021 amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Jihar Kebbi ma ba ta tsira ba.

To, ruwan da yaro zai sha ki tafasa shi da kanki, ki bar shi ya huce, ki zuba a jarka mai murfi. A masauki ki sake tafasa wani kowace safiya. In ya ƙare a wurin kallo, a sayi na roba ko na leda wanda ba a huda ba, a wanke bayan ledar, a zuba masa a kofinsa. Kada a ba shi ƙanƙara, ko zoɓo da kunun zaƙi na talla, domin ba ku san ruwan da aka yi su da shi ba.

Abinci kuwa, wanda aka sauke daga wuta a gabanku, yana tururi, shi ne na yaro. Wanda ya yini a buɗe ba nasa ba ne. Ayaba da lemo da kuka ɓare da hannunku suna da kyau. In har yanzu yana shan nono, to kin huta, ki ba shi fiye da yadda kika saba, babu abincin tafiya kamarsa. A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci, da bayan an wanke masa kashi, a kuma zubar da abin da ke cikin fo a masai.

Ku kula da abin da ke shaƙe yaro: gyaɗa, aya, gurjiya, alawa mai tauri, da ƙayar kifi. A Argungu kowa kifi zai ci, ki murtsuke nasa da yatsa ki tabbata babu ƙaya. Kada ya ci yana gudu. In abu ya tsaya masa a wuya har ya kasa kuka da tari, a sunkuyar da shi, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau 5 da gindin tafin hannu. Kada a cusa yatsa ana lalube, tura abin ciki za a yi.

In zawo ya zo duk da haka, kada ku jira sai an koma gida. A kaɗa garin gishiri da sukari na asibiti cikin ruwan da aka tafasa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙunshin. In babu shi, a sami ruwa lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri, yawansa cuta ne. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, wanda ya wuce haka rabin kofi zuwa kofi guda, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A ba shi zinc ƙwaya 1 kullum har kwana 10, ko da zawon ya tsaya. Kada a hana shi nono, kada a hana shi abinci.

ABU NA BIYU: INUWA

A Maris da Afrilu zafin ƙasarmu ya kan wuce 40 a ma'auni. A gida, da rana ta take, yaro yana ɗaki ko gindin bishiya. A wurin kallo kuwa yana bayan uwa. Ku lura da wannan: mai goyo ba ta ganin abin da ta goya. Ita tana kallon gaba, mayafi na kanta, shi kuwa rana na dukan tsakiyar kansa, ga zafin jikinta, ga na mutanen da suka matse su. In ya yi shiru sai ta ce ya yi barci, alhali wani lokaci galabaita ce.

Saboda haka ku raba yinin kashi uku. Safiya ta kallo ce. Daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar, yaro yana inuwa. Da yamma a sake fitowa. A sa masa hula da riga mai sauƙi, a ba shi ruwa a kai a kai ba sai ya nema ba, domin wasa ya kan mantar da shi ƙishirwa. Ki duba fitsarinsa. In ya yini bai yi ba, ko ya yi kaɗan ja wur, ruwa ya yi masa ƙaranci. In jikinsa ya yi zafi rau, ya yi laushi, a kai shi inuwa, a tuɓe shi, a shafe shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Da dare kuma akwai sauro, balle a bakin gulbi da fadama. Binciken da aka yi a 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu, babu jihar da ta kai ta. Kada ku ji kunyar mai masauki. Ku rataya gidan sauronku tun daren farko.

ABU NA UKU: BARCI

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare. Wanda aka tashe shi da asuba, aka hana shi na rana, aka kai shi wurin kiɗa da dare, lalle zai yi rigima. Zai ƙi abinci, ya faɗi ƙasa yana birgima a gaban mutane. Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma iskokin baƙon wuri ba ne. Gajiya ce. Duka ba ya maganinta, tabarma da inuwa su ne maganinta.

Muna kuma gargaɗi da babbar murya: kada a ba yaro maganin tari ko na mura ko wani jiƙo domin ya yi barci a huta. Irin waɗannan su kan danne numfashin ƙaramin yaro, su kuma ɓoye alamar ciwo. Ku tafi masa da zanen da ya saba kwana a kai. Ƙanshin gida ya fi kowane magani sa shi barci.

ABU NA HUƊU: IDO

Wannan shi ne mafi girma. Bari mu faɗa muku yadda yaro ke ɓata. Uwa ta sauke shi domin ta gyara ɗauri, tana zaton yana wurin yayarsa. Yayar tana zaton baba ya ɗauke shi. Baba yana can ya miƙa wuya yana kallon 'yan dambe. Mutum shida ne suka zo da shi, kowa na zaton yana hannun wani. Yaron da kowa ke tsaro babu mai tsaronsa.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A kowane lokaci a san mutum ɗaya, babba, wanda yaron ke hannunsa. In zai ba wani, ya faɗa da baki, "Ga shi na ba ki." Ita kuma ta amsa, "Na karɓa." In ba a ji amsa ba, ba a bayar ba. Kada a danƙa shi ga yarinya 'yar shekara 7 ko 8. Ita ma kallo ya kawo ta, ita ma tsaronta a ke yi.

Sa'an nan ku tuna, in aka tambayi yaron nan sunan ubansa, "Baba" zai ce. In aka tambaye shi garinsu, "gida" zai ce. Ku rubuta sunansa, da na ubansa, da garinku, da lambar waya, da sunan mai masaukinku a 'yar takarda, a naɗe ta a leda, a ɗinke a cikin rigarsa ko a rataya masa kamar laya. A sa masa riga mai launin da a ke hangowa daga nesa. Mai wayar hoto ya ɗauke shi da safe cikin kayan da ya sa. In ya ɓata, kada ku watse kuna nema shiru saboda kunya. Ku ɗaga murya nan take ku faɗi launin rigarsa, mutum ɗaya ya tsaya inda aka gan shi ƙarshe, wani ya duba bakin ruwa da bakin titi tukuna, wani ya je wurin 'yan sanda da mai lasifika.

Game da Argungu, bikin nan ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, aka rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ba kowace shekara a ke yin sa ba, an taɓa yin kusan shekara goma babu shi sai a Maris 2020, don haka ku tabbatar da rana kafin ku tashi. Ranar babban kamu, da an ba da alama, dubban masunta su kan ruga cikin Matan Fada da homa da gora, 'yan kallo kuma su matso baki gaba ɗaya. Wannan sa'ar ba ta mai goyo ba ce. Ku tsaya baya, a kan tudu, kusa da hanyar fita. Haka kuma ranar hawan Salla, ku nisanci inda dawaki ke sukuwa da inda a ke buga bindiga.

Turmutsutsu ya fi faruwa a ƙofar shiga da wurin da a ke rabon kyauta. A Disamba 2024, a Ibadan, yara 35 suka rasu a wurin wani taron wasan yara da aka yi alkawarin rabon kuɗi da abinci. In kun ga ƙofa ta cushe, ku koma gefe ku jira. In kuwa matsi ya riga ya same ku, a ɗauki yaro a ƙirji, fuskarsa a sama, kada a bar shi a ƙasa ko a baya, a riƙa zamewa gefe sannu a hankali.

Ruwa kuma, yaro ba ya ihu in yana nutsewa, kuma ruwan da bai kai gwiwarku ba ya isa. Kada a bar shi ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. Kada a yi masa wanka a gulbi ko tafki, nan a ke ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. In an ciro yaro daga ruwa ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana juya shi ana matsa masa ciki. A kwantar da shi, a hura masa iska a baki sau 5, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani ya ruga neman mota.

Sai filin lilo. A Amurka akwai wani babban filin wasa, Disneyland, wanda aka buɗe a 1955. A ƙofar lilonsu masu gudu akwai ma'aunin tsawo, yaron da bai kai ba ba ya hawa, ko ɗan wane ne. Dalili kuwa, ɗamarar kujera domin mai babban jiki aka yi ta, ƙaramin yaro sai ya zame ta ƙarƙashi, ga kansa da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. In ba ku tarar da ma'auni a inda kuka je ba, ku zama ku ne ma'aunin. Ku tsaya ku ga lilon ya zaga sau ɗaya tukuna. Ku duba ko akwai ɗamara, ko ƙarfen ya yi tsatsa, ko wayar lantarki na kwance a ƙasa. Na yaronku shi ne mai tafiya a hankali, kusa da ƙasa, wanda babba zai tsaya a gefensa. In ya yi kuka ya ƙi, kada a tilasta shi don an riga an biya ko don a ɗauki hoto.

IN ZA A ƘETARE IYAKA

Masu zuwa ƙasar Benin, wadda dattawa suka sani da Dahomi kafin 1975, ku tafi da katin rigakafin yaro, ku kuma tambaya a asibiti yadda a ke samun katin shaidar allurar shawara, domin a kan nema a iyaka. Shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. In kun tarar da masu ɗigon shan inna a tasha ko a bakin iyaka, ku bari a ɗiga masa ko da an taɓa yi. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali, amma akwai wani nau'insa da ke bin yaran da ba su sami ɗigo isasshe ba, cuta kuwa ba ta nuna takarda a iyaka.

Ku canji ɗan kuɗin sefa domin asibiti. Layin wayarku zai iya ɗaukewa a can, don haka takardar da ke jikin yaro ta ɗauki lambar mai masauki. In ciwo ya kama shi a Malanbil, asibitin Malanbil ne nasa. Kada ku ce sai an dawo gida wurin malamin da kuka sani.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Ko a hanya, ko a masauki, ko bayan an dawo, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti mafi kusa a sa'ar nan:

1. Ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
2. Jijjiga, ko barcin da a ke tashinsa da ƙyar.
3. Ido ya faɗa, maɗiga ta loɓa, fatar ciki in an ja ta ba ta komawa da sauri.
4. Zawo da jini, ko zawo kamar ruwan shinkafa.
5. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko maɗiga ta kumbura.
6. Numfashi da sauri, watau sau 40 ko fiye a minti ga wanda ya cika shekara 1, ko ƙasan ƙirji na shiga ciki.

BAYAN AN DAWO

Tafiya ba ta ƙare ran da aka sauke kaya ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kan bayyana bayan mako 1 zuwa 2, baƙon dauro bayan kwana 10 zuwa 14. Ku sa wa yaro ido har mako 3. In jikinsa ya yi zafi, a kawo shi a gwada jininsa kafin a ba shi magani, ku kuma faɗa wa malamin asibiti inda kuka je da ranar da kuka dawo. In ya fito da ƙuraje, da jan ido, da tari, a raba shi da sauran yaran gida, kada a ɓoye shi a ɗaki, a sanar da asibiti.

To jama'a, kun ji. Wanda ya tafi da ƙaramin yaro ba zai ga duk abin da ya so gani ba. Watakila ana can ana auna babban kifi, kai kana gindin bishiya kana yi wa mai barci fifita. Kada wannan ya ɓata maka rai. Kifi yana nan wata shekara, lilo ma yana nan, yaron kuma in Allah ya raya shi zai je da ƙafarsa ya gani, har ya ba ka labari. Ku ɗauki ruwansa, ku nema masa inuwa, ku bar shi ya yi barcinsa, ku san hannun da ya ke ciki.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu.